Na fara kwana da na'urar CPAP: hanci ya toshe, jiki yana ciwo

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 52, ina zaune a Kano, ina shan maganin hawan jini. Bayan gwajin barci aka ce numfashina yana ɗaukewa idan na yi barci, aka ba ni na'urar CPAP, wadda ke tura iska ta tiyo da takunkumin fuska don kada numfashi ya ɗauke cikin barci. Yau kwana goma ke nan. Minshari ya tsaya, amma hancina a toshe yake, sai na fesa Otrivin kafin in kwanta, yanzu har da rana ina fesawa. Ga ciwon ƙirji da wuya da baya duk safiya. Shin na'urar ce ba ta karɓe ni ba? In ajiye ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara lafiya. Kada ka ajiye na'urar. Abin da ya fi damuna a cikin bayaninka shi ne maganin feshin nan.

Otrivin yana ɗauke da sinadarin xylometazoline, ɗan'uwan oxymetazoline da ke cikin Afrin. Aikinsu matse jijiyoyin jinin cikin hanci ne, shi ya sa cikin 'yan mintoci sai ka ji hanci ya buɗe tar. To amma idan aka daɗe ana fesawa, da zarar ƙarfin maganin ya sake, jijiyoyin sai su kumbura fiye da yadda suke a da. Mutum ya sake fesawa, ya sami sauƙi na ɗan lokaci, ya sake toshewa, har ya zama kwalbar ba ta barin aljihunsa. Don haka ne ake cewa kada a wuce kwana 3 zuwa 5 a jere, a wasu kwalayen kwana 7. Kai ka riga ka wuce, ga kuma hawan jini, wanda irin wannan magani kan iya tayarwa. Ka daina. Idan dainawa gaba ɗaya ta yi maka wuya, bar fesa kafar hanci ɗaya tukuna, in ta warware ka bar ɗayar. Za ka sha wahalar kusan mako guda ko biyu, daga nan hancin ya dawo daidai.

Me ya toshe hancin tun farko? Galibi bushewa ce. Hanci ya saba ɗumama iska da jiƙa ta, sai ga na'ura tana turo masa iska dare guda cur, balle a lokacin hunturu da iskar Kano ba ta da laima ko kaɗan. Yawancin na'urorin suna da ɗan tankin ruwa mai ɗumi, kuma na ga mutane da dama da ba su taɓa kunna shi ba. Zuba tataccen ruwa irin wanda ake samu ta hanyar tururi, ka ƙara ɗumin mataki-mataki. Duba matatar da ke bayan na'urar, domin ƙura kan cika ta da wuri. Sannan ka tambayi uwargida ko bakinka yana buɗewa cikin barci. Idan iska tana shiga ta hanci tana fita ta baki, hancin zai bushe ya kumbura komai yawan feshi. Maganin wannan shi ne maɗaurin haɓa, ko takunkumin da ke rufe hanci da baki tare.

Feshin ruwan gishiri da ake sayarwa a kemis ba shi da wannan illa, kana iya yin sa sau da yawa a rana, musamman kafin kwanciya. Idan dama kana da yawan atishawa da ƙaiƙayin hanci, likitanka zai iya rubuta maka feshi irin su fluticasone, mometasone ko beclomethasone. Waɗannan ba sa buɗe hanci nan take, sai an yi kwanaki, wani lokaci har mako biyu ana fesawa kullum kafin a ga cikakken amfaninsu, kuma a nan ne mutane suke gajiya su ce ba ya aiki. Karkatar da bakin kwalbar wajen kunne, kada ka nufi guringuntsin da ya raba kafofin hanci, don gudun haɓo. Kada kuma ka cusa Vaseline ko Robb cikin hanci: maiƙon yana lalata robar takunkumin, kuma yana iya gangarawa huhu.

Sai ciwon jiki. Na'urar tana aiki ne da matsin iska, yawanci tsakanin 4 da 20 a ma'auninta, kuma kana fitar da numfashi ne kana ture wannan matsi. Tsokokin haƙarƙari ba su saba ba, sai su yi tsami kamar na wanda ya koma noma bayan dogon hutu. Akwai saitin da ke sassauta matsin yayin fitar da numfashi, EPR a na'urorin ResMed, Flex a na Philips, da wani da ke fara iskar a hankali har barci ya ɗauke ka. Wanda ya saita maka na'urar shi zai gyara, kada ka taɓa matsin da kanka. Idan kana tashi da kumburin ciki da gyatsa, iska kake haɗiya, wannan ma ka faɗa masa.

Wuya kuwa yawanci igiyoyin takunkumi ne aka ɗaure tamau don kada iska ta zurare, ko kuma mutum ya sandare a kwance don tsoron tiyo ya fizge. Sassauta igiyar har yatsa ya iya shiga, ka rataye tiyon ta saman kan gado. Baya kuma, ka tuna a da kana juyi dare farai saboda numfashi yana tashinka, yanzu kana yin sa'o'i a gefe guda ba motsi. Filo tsakanin gwiwoyi yana taimakawa. Irin wannan ciwo kan lafa cikin makonni kaɗan.

Idan kana buƙatar magani, farasitamol ya isa. Ibuprofen da diclofenac ba su dace da mai hawan jini ba sai da izinin likita. Tramadol, kodin da maganin sa barci irin su diazepam kuwa, ina roƙonka ka nisance su, domin suna danne numfashi, wato ainihin cutar da kake yaƙa.

Ciwon ƙirjinka ne ba zan so mu ɗora wa na'ura kai tsaye ba. Na tsoka yakan ƙaru idan ka danna wurin ko ka juya jiki. Idan nauyi kake ji kamar an ɗora maka dutse, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, da gumi ko haki, ko yana zuwa idan kana tafiya, je asibiti a take. Idan da zazzaɓi, a yi gwajin maleriya. Idan an fara ba ka maganin rage kitsen jini irin su atorvastatin kwanan nan, faɗa wa likita, domin shi ma yana sa ciwon tsoka.

Koma asibiti cikin makon nan da na'urar da takunkumin da kwalbar feshin. Na'urar tana ajiye bayanin sa'o'in da ka yi da yawan iskar da ta zurare kowane dare, kuma daga nan za a ga abin da ya kamata a gyara.