Fili ko gidan haya: amsar maigida ga yaronsa

Ka tambaye ni, ɗana, in mutum ya tara abin da zai sayi abu ɗaya kawai a Kano, shin fili zai saya ya ajiye ko ginannen gida ya zuba 'yan haya.

Lissafi za ka fara yi. Ka duba hayar shekara, ka auna ta da kuɗin gidan. A ce gida ya tsaya maka a naira miliyan 30, hayarsa miliyan 1 da rabi a shekara. Kashi 5 cikin ɗari ke nan, sai bayan shekara 20 uwar kuɗi za ta dawo. Kuma ba ka cire gyara ba tukuna. Ka ware hayar wata 1 zuwa 2 duk shekara saboda kwashe masai, fenti, kwanon da ya fara yoyo da injin rijiyar burtsatse in ya ƙone. Za ka ga mafi yawan ribar tana cikin tashin darajar ƙasa, haya kuwa ita ke riƙe ka kafin lokacin.

Shi ya sa ni na fi son fili a inda gari ke tafiya, a gina shi a hankali. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 zai ɗauki ciki da falo guda 4, kowanne da banɗaki da kicin nasa, in kuma bakin hanya ne a fitar da shago 2 a gaba. Wannan ya fi katon gida guda na mutum ɗaya. In ɗaya ya tashi, uku na biya. Katon gida in ya zama babu kowa, wata shida ma sai ya yi a rufe. Wajejen Jami'ar Bayero, irin su Rijiyar Zaki da Ɗorayi, ƙananan ɗakuna ba sa daɗewa ba mai so, amma in ɗalibai za ka sa, ka tuna da yajin aiki da yawan ɓarna.

Inda mutane suka fi ƙonewa shi ne takarda. Tun dokar ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna, abin da ka saya izinin zama ne, yawanci na shekara 99, kuma sayarwa na bukatar amincewarsa. In an nuna maka takardar mallaka, kada ka tsaya kan hotonta. Ɗauki lambar fayil ka je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a Jihar Kano, a bincika sunan wa ke kai, ko an jinginar da ita a banki, ko an riga an sayar wa wani. Awon igiya, wato filin da aka yanka ba da awon gwamnati ba, yana da arha, kuma ana samun alheri a cikinsa, sai dai sa hannun mai unguwa da dagaci ba ya hana rusau in filin ya hau hanya, magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Ka kai mai safiyo ya nuna maka duwatsun iyaka huɗu da idonka, kuma kada ka sa bulo sai ka karɓi izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano. Gidan gado kuwa, kada ka ba da ko kwabo sai kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidajen aurensu, ko kuma ka ga takardar rabon gado daga kotu.

Lokacin duba wuri watan Agusta ne, tsakiyar damina, da zarar an yi ruwa an ɗauke. Dubi gindin katangar maƙwabta. In ka ga layin danshi ya hau bulo biyu ko uku, ruwa na kwana a wurin, kuma kuɗin ciko da ɗaga harsashi zai cinye arhar da aka yi maka.

Ɗan haya kuma a rubuce ake shiga da shi, da shaidu 2: ranar biya, wanda zai yi wane gyara, da hana shi sa wani a ɗakin ba da saninka ba. Kowa da mitarsa ta wutar KEDCO, don mitar haɗaka ita ce tushen rabin rigimar gidan haya. Mai biyan shekara, in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, sanarwar wata 6 ake ba shi. In ya ƙi tashi kotu za ka je, kada ka kuskura ka cire masa ƙofa ko kwano.