Me ya hana ƙasashen Larabawa juya wa Amurka baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Don Allah a yi min bayani, tunda kowa ya san Amurka ce ke ba Isra'ila yawancin makaman da ta ragargaza Gaza da su, me ya sa Larabawa ba su yanke hulɗa da ita ba, ko su hana ta man fetur kamar yadda na ji an taɓa yi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Eh an taɓa yi, a 1973 zamanin Sarki Faisal na Saudiyya, har farashin mai ya ninka kusan sau huɗu. Amma fa yanzu Amurka ce ta fi kowa haƙo mai a duniya, man Saudiyya ma galibi Asiya yake tafiya, to wa za a hora?

Babban abin dai tsaro ne. Tun 1945 da Shugaba Roosevelt na Amurka ya gana da Sarki Abdul'aziz na Saudiyya a cikin jirgin ruwan yaƙi ake kan wannan tsari, mai daga nan, kariya daga can, kuma da Saddam ya mamaye Kuwait a 1990 ai Amurka ce ta jagoranci fatattakar sa, sarakunan yankin ba su manta ba. Yau ga sansanin sojan Amurka na Al Udeid a Qatar, ga rundunar sojan ruwan Amurka ta biyar a Bahrain, jiragen yaƙin ƙasashen yankin da kayan gyaransu mafi yawa daga Amurka suke zuwa, ga kuma tsoron Iran da ya hana su sakat. Masar kuwa tallafin soja na kusan dala biliyan 1.3 take karɓa duk shekara, albarkacin sulhun da ta yi da Isra'ila a 1979. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Ni dai a ganina wannan bai wanke su ba wallahi. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Maroko sun ƙulla hulɗa da Isra'ila a 2020, duk jinin da aka zubar babu wadda ta soke yarjejeniyar, alhali ko barazanar sokewa kaɗai za ta sa a saurare su a Washington.

Sai dai yardar da suka yi wa Amurka ta fara raguwa. A 2023 a Beijing Saudiyya ta shirya da Iran, China ce ta shiga tsakani. Sannan a Satumban 2025 Isra'ila ta kai hari cikin birnin Doha na Qatar, duk da sojojin Amurka na jibge a ƙasar.