Fanal ɗin sola ya rine daga ciki, caji ya ragu

Malam, ka ce fanal ɗinka a Gombe ya koma ruwan ƙasa, wanki bai fitar ba, caji kuma ya ragu. Ba ƙurar hunturu ba ce. Tsakanin gilashi da ƙwayoyin silikon masu juya haske zuwa wuta akwai siririyar roba, EVA, mai manne su. Sabuwarta garau take, haske na ratsawa. Amma in mai arha ce, rana irin tamu ta Afrilu sai ta dafa ta har ta rine, ta riƙa shanye haske kafin ya kai ƙwayoyin. Shi ya sa mita ke nuna bolta (ƙarfin turin wuta) kusan daidai, amfiya (yawan wutar da ke gudana) kuwa ta faɗi. Robar da ta rine ba ta gyaruwa, sai haƙuri. In za ka sake saye, nemi mai POE, wata irin roba da ake sawa a madadin EVA, ta fi jure danshin damina.