Taswirata ta ƙi zama a kan layukan Roll20

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina muna buga wasan Dungeons & Dragons a Roll20, dandalin buga wasa ta intanet, duk daren Asabar, ni ke jan wasan, biyu daga cikinmu suna Nima a Accra. In na ɗora taswirar da na zana, layukanta ba sa hawa kan na allon, ga shi sai ta ɗauki lokaci kafin ta buɗe musu. Ina mafita?
Daga wani ɗalibi, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi zane ne kafin awo, alhali tela ma sai ya gwada yake sa almakashi.

Fara da ƙirga gidaje, wato murabba'an da layukan suka raba. A Roll20 kowane gida fiksel 70 ne a tsaye da kwance, a wasan kuma ƙafa 5 ke nan. In kasuwa za ka zana mai gida 30 a faɗi, 20 a tsayi, buɗe hoto mai fiksel 2100 da 1400, shafin Roll20 ɗin ma ka sa masa 30 da 20. Kana ɗorawa za ta zauna daram. A Foundry kuwa, wata manhaja irin Roll20, an saba da fiksel 100, sai lissafin ya koma 3000 da 2000.

Ni dai ba na barin layi a jikin hoto. Ina kunna su lokacin zane, in kashe kafin in fitar, allon ya shimfiɗa nasa. In taswirar saukowa ka yi da ita da layukanta, buɗe ta a GIMP, manhajar gyaran hoto ce ta kyauta, ka yanke gefen da ya yi saura har gidan farko ya faro daga kusurwa, ka ƙirga, ka daidaita girman.

Jinkirin buɗewa kuma nauyi ne, kuma datar mutanen Nima yake ci. Fitar da taswira a JPG. PNG ka bar wa 'ya'yan wasa da bishiyoyi, masu bukatar bayansu ya zama fayau.

Kada ka zana tarko ko ɓoyayyiyar ƙofa a cikin hoton. Akwai shimfiɗar da mai jan wasa kaɗai ke gani, can za ka ajiye su. Kuma in lungunan zango kake kwaikwayo, ba su faɗin gida biyu. In ɗaya ne, jarumi guda zai toshe hanya, sauran su yi ta hamma a bayansa har dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya tashi wasan.