Tsohon wasa ko sabon fitowa: ina mai shagon gem zai zuba jarinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon gem a Kano, ina sayar da na'urorin PlayStation da faifan wasanni, akwai kuma talabijin huɗu da samari ke biya su buga. Ƙwallo ce ke riƙe shagon, amma ina da wasu kwastomomi masu son wasannin labari masu dogon zango irin su Final Fantasy da Dragon Quest. Sun rabu gida biyu. Manyan cewa suke an ɓata wasan, su dai a nemo musu irin na da. Samarin kuwa sabon fitowa suke tambaya. Na tara ɗan jari, ban san ɓangaren da zan bi ba. A ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara buɗi. Ciwon kan da ke damunka shi ne dai yake damun kamfanonin da ke ƙera wasannin nan a Japan, kuma da yake sun riga ka kashe kuɗi a kansa, bari mu duba abin da ya same su kafin ka taɓa jarinka.

Dragon Quest ya fito a 1986 daga kamfanin Enix, Final Fantasy kuma a 1987 daga kamfanin Square. A 2003 kamfanonin biyu suka haɗe suka zama Square Enix. Gida ɗaya, amma tarbiyyar 'ya'yan ta bambanta. Dragon Quest ɗan gargajiya ne. Har zuwa na 11 da ya fito a 2017, faɗansa na bi-da-bi ne: ka zaɓi abin da jaruminka zai yi, abokin gaba ya yi nasa, sannan a dawo kanka. Yuji Horii ne ke jan ragamarsa tun farko, kuma zanen Akira Toriyama ne fuskarsa har ya rasu a 2024. Final Fantasy kuwa kowace lamba sabuwar duniya ce da sabbin mutane. Na 16, wanda ya fito a 2023, ya ajiye faɗan bi-da-bi gaba ɗaya ya koma faɗan kai-tsaye mai buƙatar saurin yatsa. Shi ne wanda manyan kwastomominka ke cewa an ɓata.

To me kasuwa ta ce? Na 16 ya sayar da kwafi miliyan 3 a makonsa na farko, wanda ba ƙaramin ciniki ba ne. Amma a 2024 kamfanin da bakinsa ya amsa cewa ribarsa, da ta Final Fantasy VII Rebirth, ba ta kai yadda aka yi tsammani ba. Ka lura da wannan sosai: ɗayan sabon salo ne, ɗayan kuma sabunta tsohon wasa ne na 1997 wanda mutane ke matuƙar bege. Duka biyun sun gaza cika buri. Abin da ya haɗa su shi ne PS5, wato na'urar PlayStation 5, kaɗai suka fara fitowa a kai, lokacin da mutane da yawa ba su mallake ta ba. Shi ya sa kamfanin ya sanar cewa daga yanzu zai riƙa watsa wasanninsa a na'urori daban-daban. Ni a ganina darasin farko da ya shafe ka ke nan, kuma ya fi gardamar tsoho da sabo muhimmanci: wace na'ura ce a ɗakin kwastomanka? In PS4 ce a hannun yawancinsu, faifan PS5 zai kwana a kanta komai kyawunsa.

Na biyu, kada ka auna kasuwa da ƙarfin murya. A 2019, da Pokémon Sword da Shield za su fito, aka sanar cewa ba dukkan tsoffin halittun wasan ne za su shiga ba. Tsoffin masoya suka tayar da ƙura a intanet kamar ba wanda zai saya. Wasan ya sayar da fiye da kwafi miliyan 20. Mai ƙorafi a bakin shago daban, mai zaro kuɗi daga aljihu daban, wani lokacin ma mutum ɗaya ne, yana mita yana biya. Don haka littafinka na ciniki ya fi hirar benci gaskiya.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan daɗe. Idan mutum ya ce yana son na da, me yake so takamaimai? Ba lallai ne yana son hoto mai dishi-dishi da jiran faifai ya buɗe ba. Wasu 'yan alamomi yake nema waɗanda za su ce masa ya dawo gida. A Final Fantasy akwai tsuntsun hawa da ake kira Chocobo, da wani mutum mai suna Cid da kusan kullum sai ya ɓullo, da kiɗan Nobuo Uematsu da ake ta maimaita sautinsa. A Dragon Quest akwai shuɗin ɗigon nan mai murmushi da ake kira Slime. Muddin waɗannan na nan, mutum kan yafe canji mai yawa. Dubi Dragon Quest III, wasan 1988, da aka sake ginawa a 2024: an bar labarin da salon faɗan da ƙananan mutanen zane yadda aka san su, aka gyara haske da shimfiɗar duniya, aka sauƙaƙa abubuwan da ke wahalar da ɗan wasa. Cikin 'yan makonni ya wuce kwafi miliyan 2. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ka ga ai sabon mazubi aka yi mata.

Kamfanin Sega ma ya yi wata dabara da ta burge ni. A 2020 ya juya jerin Yakuza daga dambe na kai-tsaye zuwa faɗan bi-da-bi, da sabon jarumi. Bai kori tsoffin masoya ba, sai ya ci gaba da fitar musu da wasu wasannin a gefe da tsohon salon da tsohon jarumin. Layi biyu a gida ɗaya, kowa da ƙofarsa.

Haka nake so ka yi, domin kwastomominka biyu ba kaya ɗaya za ka sayar musu ba. Wanda ya buga Final Fantasy VII yana yaro, yau magidanci ne, yana da abin hannu amma ba shi da lokacin zama a shago. Shi faifai zai saya ya tafi gida, har da na'ura in ya samu mai kyau. Saurayi kuwa lokaci gare shi, kuɗin ne babu. Shi awa za ka sayar wa.

Ga magidantan, nemo waɗanda ke hawa PS4 kuma farashinsu ya riga ya sauka ya tsaya: Final Fantasy VII Remake na 2020 da Dragon Quest XI S. Irin waɗannan ba sa narkar da jari da sauri. Sabon fitowa kuwa da dala za ka saye shi a kan tsadarsa ta farko, bayan 'yan watanni kantin intanet na Sony, kamfanin da ke ƙera PlayStation, ya yi rangwame, kai kuma kana riƙe da faifan da ka saya da tsada. Saboda haka kada ka yi odar sabon wasa sai wanda ya nema ya ba da kafin alƙalami. Kwafi ɗaya tak za ka saya da kuɗinka, na shago.

Wannan kwafin ɗaya shi zai yi wa samarin aiki. Ware talabijin ɗaya daga cikin huɗun don wasannin labari, ka bar uku ga ƙwallo, tunda ita ke biyan haya da man janareta. Wasan labari yakan ci awa 40 ko fiye kafin a ƙare shi, kuma wanda ya ajiye inda ya tsaya a na'urarka dole gobe ya dawo wurinka, ba shagon maƙwabci ba. Ka buɗe wa kowa wurin ajiyarsa da sunansa, ka hana wani ya goge na wani, ka kuma yi musu farashin mako ko na wata mai ɗan sauƙi a lokutan da shago ba cunkoso, kamar hantsi. Sai dai ka duba shekarun da aka rubuta a bayan faifai. Final Fantasy na 16 da wasannin Yakuza na manya ne, kada ka kunna su a gaban yara. Amanar iyayen unguwa tana cikin jarinka.

Game da kuɗin da ka tara, kada abin da za ka sa a wannan gwajin ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu. Ka samu littafi ka riƙa rubuta duk wasan da aka tambaya, da na'urar da mai tambayar ke da ita, da ko ya biya ko ya tafi. Ka kuma rubuta abin da talabijin ɗin labari ya kawo kowace rana kusa da abin da ɗaya daga na ƙwallo ya kawo. Bayan wata uku ka buɗe littafin. In na labarin ya kai ko da rabin na ƙwallo, ga kuma cinikin faifai yana motsi, ƙara masa jari. In bai kai ba, mayar da shi ƙwallo ka ci gaba da kawo faifan bisa oda.