Amsa Ga 'Yata Kan Saɓani a Rukunin Karatu

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce ku biyar aka haɗa ku aiki ɗaya, kuna rubutu tare a takarda ɗaya ta intanet a Google Docs, kuna shawara a WhatsApp, sai ɗayanku ya goge sashen da kika rubuta bai ko sanar da ke ba. Kina tambaya ko ladabi shi ne ki yi shiru a zauna lafiya, ko ki kai ƙara wurin malami.

Duka biyun ba da su ake farawa ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Tun 1965 masanin halayyar ɗan Adam Bruce Tuckman ya bayyana cewa ƙaramin rukuni yakan shiga hargitsi bayan haɗuwa, kafin ya tsayar da ƙa'idojin aikinsa. Nan kuke yanzu.

Abin da nake so ki bambance shi ne saɓani kan aiki da saɓani kan mutum. Wata mai bincike, Karen Jehn, ta yi nazarin wannan a 1995, ta ga gardama kan aikin kansa tana iya amfani idan aikin mai buƙatar tunani ne, amma ƙullatar juna ɓarna kawai take yi. Matsalar waya ita ce tana saurin mai da na farko na biyu. Rubutu ba ya ɗauke da murya ko fuska. Ki aika saƙo, ki ga alamar an karanta, shiru, nan da nan zuciya ta fara saƙa miki abin da mai yiwuwa babu shi.

Don haka ki duba tarihin gyare-gyaren takardar, rubutunki yana nan, za ki iya dawo da shi. Sannan ki kira wanda ya goge ɗin, ku biyu, da baki. Ki tambaye shi me ya gani a sashen. Wataƙila yana da hujja, hanyar ce bai iya ba. Hujjar tasa sai ku kawo ta gaban kowa a tattauna, ku kuma yarda cewa daga yau ba mai goge na wani, sai dai ya bar sharhi a gefe.

Abu ɗaya na hana ki: kada ki buɗe wani zauren WhatsApp ban da shi, kada ki ɗauki hoton maganarsa ki tura wa wasu. Na ga wannan ya raba abokai.

Malami kuwa sai an yi magana, an maimaita, mutum ya ci gaba da gogewa ko ya ƙi yin rabonsa. Ranar sai ku je tare, har da shi.