Kada ka sa musu lemun tsami

Ɗan'uwa, ka ce ka sayo tsabobin tagulla na Rumawa guda goma da ƙasa a jikinsu, kana tambayar ko lemun tsami zai fitar da koren, da kuma yadda za ka gane sarkin da ke jiki.

Don Allah ka ajiye lemun nan. Ni da shi na kashe tsabata ta farko, har da toka na haɗa kamar mai wanke tukunya. Ta fito ja wur, duk ramuka, rubutun ma ya tafi. Koren nan mai santsi da tauri shi ne fatarta, shi masu saye ke nema. Ka jiƙa su a tataccen ruwa na kemis, kana canzawa bayan kwana biyu, kana bi da tsinken sakace da tsohon burushi. Wata takan ci wata uku. Koren da ake gudu shi ne mai haske, mai gari-gari, wanda ke dawowa in ka goge. Wannan ciwo ne, gishiri da danshi ke kawo shi, sai ka ware ta daga sauran.

Batun sarki kuwa, kada fuska ta ruɗe ka. Yawancin irin waɗannan ƙananan na ƙarni na 4 ne, zamanin Kwanstantin (306 zuwa 337) da 'ya'yansa, su kuma kamar an tsaga kara. Rubutun za ka bi, ka tuna V ɗinsu U ne. In ka ga IVN bayan CONSTANTINVS, ɗan ne, ba uban ba.

Ni daga bayan tsabar nake farawa. Sojoji biyu tsaye da rubutun GLORIA EXERCITVS an fara buga su a 330. Tuta biyu a tsakaninsu na farko ne, wajen 335 aka rage nauyin tsabar, tutar ta koma ɗaya. Sojan da ke soke mahayin da ya faɗi kuma FEL TEMP REPARATIO ne, daga 348. Sannan ka duba can ƙasa, ƙarƙashin layi, nan ake sa alamar garin da aka buga ta: ALE Iskandariya ce, CONS Istanbul ta yau, SIS kuwa Sisak a Kuroshiya.

Jabu ba ya yawa a masu arha, amma ka shafa gefen: in ka ji layin haɗi, zubi ne, wato jabu. Turo hoton bayansu da rana, ba da filashi ba.